SELinux ko AppArmor: wanne ya kamata ya tsare maka libvirt a kan sabarka?

Duk wanda ya sayi saba zai ɗora KVM da libvirt a kai, wato manhajojin da ke ba ka damar kunna kwamfutocin kwaikwayo (VM) da yawa a cikin saba ɗaya, tambayarsa ta farko RAM nawa, hadi dis nawa, inbata za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba. Ba kasafai nake jin wanda ya tambayi wa zai tsare libvirtd ɗin kansa da VM-VM ɗin da ke ƙarƙashinsa ba, alhali libvirtd, wato injin libvirt, da ikon root yake aiki, cikakken iko kenan a kan sabar, a bayan fage dare da rana, shi ke kunna kowace VM, shi ke miƙa mata faifanta. Masu tsaron su ne SELinux da AppArmor, tsare-tsaren Linux biyu da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa. Kuma zaɓin nan tun ranar da kake saka Linux kake yinsa ko ka sani ko ba ka sani ba, saboda Rocky Linux da AlmaLinux da Fedora da RHEL da SELinux suke zuwa, Ubuntu da Debian kuma da AppArmor.

Ni dai ba zan ɓoye ba, SELinux nake so, kuma a kan enforcing, wato yana hana duk abin da doka ba ta yarda da shi ba, ba permissive da ke rubutawa kawai ya bari a wuce ba.

Dalilin da ya sa ake wannan wahalar gaba ɗaya shi ne kowace VM a wajen sabar wani aikin QEMU ce kawai, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar, idan aka samu ɓaraka a QEMU wanda ke cikin VM zai iya faɗowa cikin sabar. Ba tatsuniya ba ce, a 2015 an gano wadda aka sa wa suna VENOM, a ɓangaren da ke kwaikwayon fulofi, abin da ba wanda ke amfani da shi amma yana nan kwance a ciki. To idan mutum ya faɗo, me zai iya taɓawa? Izinin fayil na yau da kullum ba zai cece ka ba don galibi duk VM ɗin da sunan mai amfani ɗaya suke gudu, qemu, kenan mai VM ta ɗaya zai karanta faifan ta biyu da ta uku hankali kwance.

A nan SELinux ya sace zuciyata. Ka ɗauka kamar buhunan hatsi a Dawanau, kowane buhu da alamar mai shi a jikinsa, ko an ɗauke shi an kai wata rumfa alamar tana nan. Haka tsarin da ake kira sVirt yake yi: duk VM ɗin da ka kunna, libvirt zai zaɓar mata lambobi biyu tsakanin c0 da c1023, ya manna wa aikin QEMU ɗin lakabin svirt_t da lambobin, ya manna wa faifanta svirt_image_t da lambobin nan dai. Ka buga ps -eZ | grep qemu ka gani da idonka, ɗaya za ka ga s0:c12,c480 ɗaya kuma wasu lambobin daban, sai ka buga ls -Z /var/lib/libvirt/images ka ga kowane faifai da lambar mai shi. Idan lamba ba ta zo ɗaya ba kanel, wato zuciyar Linux, ba zai bari a buɗe ba, ko da izinin fayil ɗin 777 ne. Kuma duk wannan ba ka rubuta layi ko ɗaya ba, haka yake zuwa. Hukumar NSA ta Amurka ce ta fara fitar da SELinux a 2000, ya shiga kanel a 2003, shekara sama da ashirin kenan ana dukansa ana gyara shi a fili kowa yana ganin yadda aka rubuta shi, ni wannan ya ishe ni.

Ana cewa yana da wahala, eh akwai koyo, amma a harkar libvirt abubuwa uku ne suke ta maimaita kansu. Na farko ka ajiye faifan VM a wata folda da ba ta asali ba, misali /ajiya/vm, maganinsa semanage fcontext -a -t virt_image_t "/ajiya/vm(/.*)?" sannan restorecon -Rv /ajiya/vm, shi kenan. Kar ka yi da chcon, ranar da aka sake yi wa faifan lakabi gaba ɗaya sai ya goge ka koma gidan jiya. Kuma ka sani matsar da fayil da mv yana tafiya da tsohon lakabi, kwafa da cp kuma yana ɗaukar na foldar da ka sauke. Na biyu faifan yana kan NFS, wato ajiyar da ke wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, setsebool -P virt_use_nfs on, akwai irinsa na samba da na USB. Na uku abin da ba ka gane ba, ka buga ausearch -m avc -ts recent ya fito maka da abin da SELinux ya hana, ka tura wa audit2why, sau da yawa shi da kansa zai gaya maka makunnin da za ka kunna. Sai abu guda da za ka kula da shi: daga RHEL 9 an raba libvirtd gida-gida, virtqemud da virtnetworkd da virtstoraged da sauransu, kuma a sababbin Fedora kowanne da nasa lakabin kamar virtqemud_t maimakon tsohon virtd_t da kusan komai an sakar masa. Idan ɗaya ya matsa maka, semanage permissive -a virtqemud_t zai sassauta shi kaɗai kafin ka gano matsalar, sauran gidan yana kulle.

AppArmor fa? Shi ba buhu yake dubawa ba, rumfa yake dubawa, wato hanyar da fayil yake. Yana aiki, virt-aa-helper yana rubuta wa kowace VM dokarta a /etc/apparmor.d/libvirt/ da lambar UUID ɗinta, kuma dokokin sun fi sauƙin karantawa, wannan na ba shi. Idan duk ma'aikatanka Ubuntu suka iya, ka bar shi a kunne ka duba aa-status, ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma a canza wa fayil hanya labari ya canza, kuma dokar da ke kan libvirtd ɗin kansa sako-sako ce. Smack da TOMOYO, wasu tsare-tsaren tsaro irin waɗannan, kar ma ka ɓata lokacinka, libvirt ba shi da direbansu. Proxmox kuma, wani tsarin kunna VM, ba ya amfani da libvirt, kenan babu maganar sVirt a can, ka san haka kafin allonsa mai kyau ya ja ka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya sa ma na zauna rubutun nan. An taɓa kirana in duba wata saba a wani ƙaramin ofis, VM huɗu a kai, ɗaya ta albashi, ɗaya ta shafinsu da duk duniya ke shiga. Wanda ya haɗa musu ya karɓi kuɗinsa cif, har da rubuta musu a takardar aiki cewa an kunna tsaro. Na buga getenforce ya ce Enforcing, na ce to madalla. Sai na buga virsh dominfo a VM ɗin albashi, wajen Security model na ga none. Na buɗe /etc/libvirt/qemu.conf, ga shi ɓaro-ɓaro, security_driver = "none". Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ashe ya saka sabon faifai bai yi masa lakabi ba, VM ta ƙi tashi tana cewa Permission denied, maimakon layi biyu na semanage sai ya cire wa VM ɗin duka kariya ya bar getenforce yana nuna lafiya lau. Wata da watanni shafin da ke fuskantar intanet da bayanan albashin mutane suna ɗaki ɗaya ba ƙofa. Mai ofishin dattijo ne, ya ce min ɗana ni abin da aka ce min na biya, kuma gaskiyarsa ne.

Tun daga ranar ba na yarda da bakin kowa, kuma kai ma kar ka yarda. Masu wannan ha'incin kala-kala ne. Akwai mai setenforce 0, wato ya sauke shi daga enforcing, ya ce na ɗan lokaci ne, sannan ya je /etc/selinux/config ya mayar da shi permissive ya tafi abinsa. Akwai mai saka selinux=0 a layin GRUB, wato ya kashe shi tun wajen tashin sabar. Akwai wanda ya fi su wayo, mai kwashe duk abin da ke cikin audit.log ya zuba wa audit2allow -M, mai mayar da duk abin da aka hana dokar halastawa, ya ɗora da semodule -i ba tare da ya karanta fayil ɗin .te ba, wannan ya fi haɗari don komai zai nuna a kunne alhali an buɗe wa svirt_t ƙofofin da ba a san adadinsu ba. Akwai mai ɗauko doka da wani ya rubuta a intanet don wata matsala daban ya liƙa maka. Akwai mai saka seclabel type='none' a cikin XML na VM guda ɗaya, ba za ka gani ba sai ka buga virsh dumpxml. A ɓangaren Ubuntu kuma aa-complain ne abin nasu, wato permissive ɗin AppArmor, ko su kashe apparmor gaba ɗaya. Har masu ba da hayar saba, in ka tambaye su da me suke raba VM ɗinka da ta maƙwabcinka suka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka biya kowa ragowar kuɗinsa, ka sa shi ya zauna kusa da kai ya buga sestatus, ya buga ps -eZ | grep qemu ka ga svirt_t da lambobi daban-daban a kowane layi, ya buga semodule -lfull ka tambaye shi duk abin da ke lamba 400, inda dokokin da aka ƙara da hannu suke zama, me ne ne kuma me ya sa aka saka shi. Sannan a qemu.conf ka sa a rubuta security_require_confined = 1, daga nan duk VM ɗin da aka cire wa kariya libvirt ba zai ma kunna ta ba. Idan kuma ka tarar an daɗe da kashe SELinux, kar ka mayar da shi enforcing kai tsaye, ka fara da permissive, ka buga fixfiles -F onboot ka sake kunna sabar, kuma ka tabbata inbata ta cika ko janareto yana da mai, don sake lakabin babban faifai yana cin lokaci kuma ba ka son a ɗauke wuta yana tsakiya.