Bindigar Toka a Amurka: Komai da Ma'auninsa

'Yan uwa, bindigar da muke rainawa a gida, wadda ake ɗurawa ta baki, tana da kasuwarta a Amurka, har jihohi da yawa sun ware mata kwanakin farautar barewa na musamman. A Fensilbaniya ma akwai lokaci bayan Kirsimeti da ba a yarda da kowace iri ba sai mai ƙyastu. Amma abin da ya fi ɗaure min kai a shagon kayan farauta ɗan ƙaramin bututun tagulla ne mai zane-zane, na awon albarushi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma maharba da yawa ba sa shiga daji babu shi.

Awonsu giren ne. Giren 100 ya kai kusan giram 6.5, sai dai albarushi da cikar ma'auni ake auna shi, ba a ɗora shi a sikeli. Ana tsiyaya shi daga gora zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa bakin bindiga. Ba a taɓa kafa gorar kai tsaye, domin in tartsatsi ya rage a ciki daga harbin baya, gorar gaba ɗaya za ta tashi a hannun mutum. Mu kuwa sai a zuba a tafin hannu, a ce ido ma mudu ne. Ranar da bututu ya tsage ya tafi da yatsu, sai a ce jifa aka yi wa mutum. Wannan abu yana ci min rai, don maharbanmu sun fi waɗannan sanin daji nesa ba kusa ba, awo kaɗai suka rasa.

Masu neman barewa da gajeriyar bindigar hannu sun fi kowa kula da lissafi. Bututunta gajere ne, irin ta kamfanin CVA inci 14 ce, saboda haka albarushi ba ya gama cinyewa kafin harsashi ya fita. In ka cika shi, wuta da ƙara da bugun hannu kawai ka ƙara, saiti kuma ya lalace. A bindiga mai faɗin baki rabin inci, galibi ana farawa daga giren 60 ko 70, a yi harbi uku a allo daga yadi 50, a goge bututu tsakanin harbi da harbi, sannan a ƙara giren 5 ko 10 a sake. Inda ramukan uku suka fi kusa da juna, nan ne awonka. Iyakar da kamfani ya rubuta a littafin bindigar ba a tsallake ta ko da wasa.

Albarushin ma iri-iri ne. Baƙi na asali akwai FFg mai ɗan kauri, akwai FFFg mai laushi da ya fi saurin ci, shi ya sa aka fi sa shi a gajerun bindigogi. Samunsa wahala ne, don doka ta sa shi cikin abubuwan fashewa, shaguna da dama sun daina ajiye shi, in ka yi oda kuma sai ka biya kuɗin dakon kaya masu haɗari. Sai a koma ga Pyrodex ko Triple Seven, albarushin da ake yi a madadin baƙin. Na biyun ya fi baƙin albarushi ƙarfi, don haka ake rage kusan kashi 15 cikin ɗari na awo. Albarushin harsasan zamani marar hayaƙi kuwa, ko kaɗan ne ba a sa shi, fasa bindiga yake yi.

Harsashi yana bin murɗin layukan da ke cikin bututu. Bututu mai murɗi ɗaya a inci 66, wato layukansa na yin zagaye ɗaya a wannan tsawo, dunƙulen dalma yake so, mai faɗin 0.490 na inci, a naɗe da tsumma mai maiƙo. Nauyinsa wajen giren 177 ne, kuma daga gajeren bututu ƙarfinsa kan ƙare da wuri, ya ji wa dabba ciwo ta gudu ta mutu a banza. Mai murɗi ɗaya a inci 28 shi ake sa wa dogon harsashi na giren 240 zuwa 300 cikin kwanson roba. Ko da shi, masu hankali ba sa harbi da bindigar hannu in ta wuce yadi 50. Ina ma maƙeranmu su ga wannan, su hana mutane cusa guntun ƙusa da ƙwallon boris da ke kankare cikin bututu.

Harsashi dole ya zauna daram a kan albarushi. In aka bar fili tsakaninsu, bututu ya kumbura ko ya fashe. Maganinsa alama a jikin sandar ɗuri: in ba ta zo daidai da bakin bindiga ba, ko dai harsashi bai kai ƙasa ba, ko an ɗura sau biyu. In an ja kunama ba ta tashi ba, a riƙe bakin yana kallon gaba na minti ɗaya kafin a duba.

Takardun ne ke gajiyar da mutum. Darasin farauta, lasisi, tambarin kowace barewa, riga ruwan lemo, kuma kowace jiha da nata. Kolorado ta hana kwanson roba a lokacin bindigar toka, Kalifoniya ta hana harsashin dalma a farauta tun 2019. Naman ma ba a sayarwa, sai ci ko kyauta, kuma duk yawansa ba ka jin ƙamshin ƙuli da yaji na kilishi a ko'ina. Amma barewa mai farin bindi da ta kusa ƙarewa wajen 1900 yau ta koma miliyoyi, mu kuwa gwanki da kanki sai a labarin tsofaffi ko a gandun daji.

Ranar da aka harba, ranar ake wankewa da ruwan zafi da sabulu, a busar, a shafa mai kaɗan. Tokar albarushi tana jan danshi, cikin kwana ɗaya tsatsa ta fara cin bututu ta ciki, inda ido ba ya gani. Kafin ɗuri na gaba kuma sai a goge man nan tas, don in ya jiƙa albarushi bindiga ba za ta tashi ba.