Madubin USB ko mai gilashin leƙawa, don ganin tadigired

Malam, ka tambaya wane maikiroskop za ka saya, na USB ko mai gilashin leƙawa. In dai tadigired ɗin nan, ɗan mitsitsin halitta mai rayuwa a cikin gansakuka, da ya je sararin samaniya ya dawo da rai kake son ɗalibanka su gani, ka sayi maikiroskop na gaske, mai gilashin leƙawa da fitila a ƙasa. Irinsa gare ni, na hannu ma na saya. Da daminar bara na kankaro gansakuka a jikin tsohuwar katangar bayan gidanmu, na jiƙa ta a ruwan sama ta kwana, da safe na matse ruwan a faranti. Sai da na kusa cinye awa ina leƙe kafin na yi arba da guda, yana jan ƙafafunsa takwas kamar ba ya so, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. A 40x, wato an ninka girmansa sau 40, na gano shi, a 100x har faratansa na gani. 'Yar autata ta ƙi tashi daga wurin har tuwonta ya huce.

Labarin da na ba ta shi za ka ba yaranka. A watan Satumba na 2007 aka ɗora irinsu a kumbon FOTON-M3, a bushe, suka yi kwana 10 a waje babu iska ko kaɗan. Da aka dawo da su aka zuba musu ruwa, mafi yawan waɗanda aka kare daga rana suka farfaɗo, har da yin ƙwai. Waɗanda hasken UV, wato hasken rana mai ƙona fata, ya doka gaba ɗaya kuwa kusan duk sun mutu. Don haka kada ka ce musu abin ba ya mutuwa.

Na USB, wanda ake jonawa da kwamfuta a ga hoton a allo, shi na fara saya, yana nan cikin durowa. Ya iya nuna kan tururuwa da zanen takardar naira, amma a ɗigon ruwa ƙyalli kawai za ka gani, hoton na ta rawa.

Ka kula da masu sayarwa. Za su nuna maka kwali an rubuta 1600x, su rantse maka har bakteriya za ka gani. Ƙarya ce. Ko na ɗakin gwaji sai an ɗiga mai a kan gilashi kafin 1000x ta fito da kyau. Ka tafi shagon da siririn ɓawon albasa ka gwada a gabansu, in na hannu ne ka haska gilashin ka duba ko fumfuna ta ci shi, sannan ka biya.