Hattara da masu sayen kwabo mai huji: yadda suka wanke kawuna a cikin garin nan

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Duk wanda yake da gwangwanin tsofaffin kuɗi a gida, irin wanda ake tsinta a ƙasan adakar kaka, ya daure ya karanta wannan kafin ya kira wata lamba da ya gani a bidiyo. Kawuna ya yarda in ba da labarinsa, da sharaɗin kada in kama sunansa ko na unguwarsu.

Na fi shekara goma sha biyar ina tara kuɗin ƙarfe na dā. Sha'awa ce kawai, ba sana'a ba, har abokaina suna kirana mai anini. A dangi kowa ya san haka, shi ya sa abin ya fi ci mini rai: Kawu bai neme ni ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Wani bidiyo aka turo zauren WhatsApp na unguwarsu. Mutum ne riƙe da kwabo mai huji, yana cewa wani kamfani a ƙasar waje yana neman na shekarar 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, kowane ɗaya naira miliyan biyar, domin sarkin bai cika shekara a kan gadon mulki ba. Kawu ya buɗe adakar marigayiya Hajiya, ya zazzage gwangwaninta a kan tabarma, ya sa tabarau yana duba shekaru. Ya sami guda uku. Ya kira lambar.

Washegari mutumin ya zo har shagonsa, cikin wankakkiyar shadda, da farin safar hannu da gilashin ƙara girman abu. Ya jujjuya kwabban, ya kanga su a haske, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya kashe ya ba ka. Na gaske ne. Sai dai kamfani ba ya karɓar ƙasa da goma. Ka nemo bakwai, kuma don Allah kada ka gaya wa kowa, ka san halin mutanenmu da baki."

Bayan kwana biyu sai ga wani dattijo da alamar ƙauye ya tsaya a bakin shagon, ya kwance ƙullin tsumma. Wai matarsa tana asibiti, an ce masa a birni ana sayen tsofaffin kuɗi. A cikin tarkacen akwai na 1936 guda bakwai cif. Kawu ya ce gabansa ne ya faɗi don murna. Ko kaɗan bai tambayi kansa yadda aka yi adadin ya zo daidai ba, kuma yadda aka yi a duk faɗin Kano shagonsa tsohon ya nufo. Aka yi ciniki, aka daidaita a kan dubu sittin kowane ɗaya, Kawu yana ganin shi ne ya ci riba, har yana jin nauyin ya ƙwari tsoho.

Daga nan kuɗi suka fara fita ta waya. Dubu ɗari da hamsin na gwaji da takardar shaida. Aka turo masa hoton wata takarda mai tambari da Turanci. Sai kuma aka ce kaya sun maƙale a hannun kwastan, a kawo dubu ɗari biyu. A nan ne ya kira ni, ba don neman shawara ba, rance yake so.

"Ɗan nan, ka ranta mini zuwa Juma'a, zan ninka maka."

"Kawu, wace harka ce haka?"

Da ƙyar ya faɗa. Na je gida na ɗauko kundina, na buɗe masa shafin da na jera na 1936: kwabo, ɗari (wato rabin kwabo) da anini, duka da sunan Edward. Babu wanda na saya a kuɗin da ya kai na cefanen yini guda.

Abin da ya sa wannan damfara take kama mutane shi ne an gina ta a kan rabin gaskiya. Gaskiya ne Edward na Takwas ya hau mulkin Ingila a Janairun 1936 ya yi murabus a Disambar shekarar. Gaskiya ne kuma kuɗin Ingila masu hoton kansa ba su shiga hannun jama'a ba, 'yan na gwaji da suka rage suna tsada ƙwarai a wurin gwanjo. Amma kuɗin da aka buga wa Afirka ta Yamma daban ne. Saboda hujin da ke tsakiya babu wurin sa hoton sarki, suna kawai ake rubutawa, don haka aka buga su miliyoyi a shekarar, suka bazu daga Kano har Akara da Firitawun. Tsufa daban, ƙaranci daban. Abin da ke sa wa kuɗi daraja shi ne yawan da aka buga, yawan da suka rage, da lafiyar jikin wanda ke hannunka.

Ga wanda bai sani ba, waɗannan kuɗi tarihinmu ne. Anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, an fara buga shi a 1907 da alminiyam, daga baya aka sauya ƙarfen domin bai jure ba. Yana da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa fitar da taro, sisi, sule da fataka. A 1959 Najeriya ta sami nata, a jikin sule biyu har da shukar gyaɗa. Naira da kwabo suka zo ran 1 ga Janairun 1973, kuma ni a wurina babu wanda ya kai kwabo ashirin da biyar na lokacin kyau, saboda dalar gyaɗa da ke jikinsa. Duk waɗannan sun cancanci a adana. Amma wanda ya ce maka ɗaya daga cikinsu da ya sha yawo a hannun 'yan koli zai saya maka gida a Nasarawa, to aljihunka yake kallo.

Da na ba da labarin a cikin 'yan'uwana masu wannan sha'awa, sai ga wasu salon suna fitowa. Akwai masu yawo da liyari, babban kuɗin azurfan nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya da iyayenmu mata suke ado da shi. Sai su nuna maka 1780 a jiki su ce ya haura shekara ɗari biyu da arba'in. Ita sarauniyar a 1780 ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa masa, ko a Biyana aka buga, ko a Landan, ko a Bombai, har zuwa zamaninmu. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Na gaske giram 28 ne, azurfarsa kashi 833 cikin dubu, da rubutu a kewayen bakinsa, kuma galibi kuɗin azurfar da ke jikinsa shi ne kuɗinsa. Na jabu tagulla ce ko dalma aka yi wa wanka. Kai shi wurin maƙeran fari su ɗora a sikeli, magana ta ƙare.

Akwai kuma masu mayen ƙarfe. Za su manna wa naira ɗaya ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay, ta ɗafe, su ce ai akwai makuri, wato zaiba, a ciki da Turawa ke nema ruwa a jallo. Baƙin ƙarfe ne a cikinta aka lulluɓe da nikel, dole ta ɗafe. Tatsuniya ɗaya ce da ta tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi, riga kawai aka sauya mata.

Inda suka fi ƙwarewa yanzu shi ne zancen kuskuren bugu, domin shi ma akwai shi da gaske. Wani lokaci inji yakan buga kuɗi a karkace, rabin zanen ya fita waje. Wani hujin ya kauce daga tsakiya, wani ma a manta ba a huda ba. Wani rubutun ya fito biyu-biyu saboda hatimin da ake buga kuɗin da shi ne ya sami matsala, kamar fitaccen santin Amurka na 1955. Akwai wanda masu harkar suke kira alfadari, uwa daban uba daban: a 1936 ɗin nan, a masana'antar Heaton da ke Birmingham, mai sa harafin H, an haɗa fuskar santi goma na Afirka ta Gabas da bayan kwabonmu. Irin waɗannan suna da kuɗi sama da na gama-gari, amma ba irin lissafin da ake yi a bidiyo ba.

To su 'yan damfara a gida suke ƙera nasu kuskuren. An taɓa kawo mini kwabo wai marar huji. Da na sa gilashi sai ga zobe siriri a tsakiya, launin wurin ya ɗan bambanta, an cike hujin ne da dalma aka shafe da baƙin mai. Wani kuma a haɗa kuɗi biyu a buga da guduma, rubutun ɗaya ya hau ɗaya. Ka duba da kyau: irin wannan rubutu a juye yake fitowa kamar a madubi, kuma a lotse, alhali na inji a miƙe yake, a tashe. Wanda aka ci bakinsa da magagari kuwa, wurin yana ƙyalli da ƙananan zane-zane. Idan an nuna maka takardar shaida, kamfanonin da aka sani da tantance kuɗi kamar PCGS da NGC a cikin rufaffen gidan roba suke mayar da kuɗin, da lamba a jiki wadda kowa zai iya dubawa a shafinsu na intanet. Ba hoton takarda suke turowa ta WhatsApp ba.

Sai wata ɓarna da Kawu ya yi wa kansa, wadda ta fi ba ni takaici fiye da kuɗin. Don ya burge mai saye, ya jiƙa duk kuɗin Hajiya cikin ruwan tsamiya, ya dirje su da toka da soson ƙarfe har suna ɗaukar ido. Duhun nan da tsohon kuɗi yake yi ba dauɗa ba ce, fatarsa ce, masu saye na gaske ita suke fara dubawa. Kuɗin da aka goge ya rasa mafi yawan darajarsa, kuma ba ya dawowa. Kada a sa lemun tsami, kada a sa man goge tagulla. A riƙe shi ta gefe, domin zufar yatsa tana barin tabo. Kowane ɗaya a sa shi a 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, a rubuta shekara a baya. A guji ledar nan mai laushi, da zafin Kano takan yi gumi ta bar kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Da damina kuma a nisanta su da bango mai laima.

Wanda yake son ya san abin da ke hannunsa, ya shiga Kurmi wurin masu kayan tarihi, ya tambayi mutum uku daban-daban nawa za su saya, sannan nawa za su sayar masa da irinsa. Zai ji farashin gaskiya a tsakani. Mai saye kuma shi ke biya. Da zarar an ce ka kawo na rajista, na gwaji, na kwastan, ko ka nemo cikon goma, ko kada ka faɗa wa kowa, ka kashe wayarka. Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa nan take, ya adana lambar asusun da shaidar turawa da saƙonnin murya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Kunya ce take sa mutane yin shiru, su kuma da shirun suke cin na gaba.

Mun kai ƙarar Kawu. Lambar mutumin a kashe take tun ranar da na karɓi wayar na tambaye shi adireshin ofishinsu, amma jiya wani maƙwabcinmu ya nuna mini bidiyon nan dai, murya ɗaya, safar hannu ɗaya, da sabuwar lamba a ƙasa. Yanzu sisin 1959 suke nema.