Kwas ɗin kociyoyin besbol na USA Baseball: ya biya mini buƙata

A Amurka, yawancin masu horar da yara wasan besbol iyaye ne 'yan sa-kai, ba a biyansu ko sisi. Ni da ƙwallon ƙafa na tashi, amma da ƙungiyar unguwarmu ta rasa mai riƙe 'yan shekara 9 zuwa 10, sai na karɓa. Aka ce in fara da kwas ɗin intanet na USA Baseball, hukumar wasan besbol ta Amurka, mai matakai A, B da C. A waya nake bin darussan idan na taso aiki.

Darasin tsara atisaye ya taimaka: a raba yara rukuni-rukuni kowa yana motsi, maimakon goma su tsaya suna kallon ɗaya yana bugu. Wanda bai san dokokin wasan ba, ya fara zuwa kallo tukuna, zai fi gane bayanin.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ƙa'idojin Pitch Smart na kare hannun yaron da ke jefa ƙwallo ga mai bugu, waɗanda MLB, babbar gasar ƙwararrun besbol, da USA Baseball suka fitar a 2014. Ɗan shekara 7 zuwa 8 ba ya wuce jifa 50 a rana, 9 zuwa 10 jifa 75, 11 zuwa 12 jifa 85. Hutu kuma ya danganta da yawan jifan: daga 21 zuwa 35 kwana ɗaya, daga 66 zuwa sama kwana huɗu cur. Ƙashin gwiwar hannun yaro bai gama ƙwari ba, kuma jifa cikin gajiya ne ke lalata jijiya. Tiyatar Tommy John, wato ta sauya jijiyar gwiwar hannu, da aka fara yi wa ƙwararren ɗan wasa mai wannan suna a 1974, yanzu har matasa ake yi wa.

A fili na ga amfaninsu. Yaro yana jifa lafiya lau, muna gaba da maki ɗaya, sai na lura gwiwar hannunsa ta fara sauka, ƙwallo na tashi sama. Na duba ɗan maƙirgin da ke tafin hannuna, ya kai 75. Mahaifinsa ya kama ragar waya yana cewa, "Koci, bar shi ya ƙarasa mana!" Na nuna masa jadawalin a waya. Ransa bai so ba, amma ya yi shiru. Da ra'ayina kawai na faɗa, da sai mun yi ta ja-in-ja.

Saura yaron da ke buga wa ƙungiya biyu. Ƙa'idojin sun yi gargaɗi a kan haka, sun kuma ce mai jifa ya samu hutun aƙalla wata huɗu a shekara, amma ba jadawalin da zai gaya mini abin da yaro ya jefa ranar Asabar a wani gari. Shi ya sa duk ranar atisaye sai na tambayi iyaye, kuma idan amsar ba ta fito sarai ba, yaron ba ya jifa a ranar.