Sharhi kan saiwar gan cao: tana kwantar da maƙogwaro, amma sai da awo

Gan cao sunan Sinanci ne, ma'anarsa ciyawa mai zaƙi. 'Yar'uwa ce ga saiwar da Larabawa ke kira irƙus sus, wadda ake jiƙawa a sha a Masar lokacin buɗa baki. Ta Sin ta fi fitowa daga Mongoliya ta Gida da Gansu da Ningxia da Xinjiang, kuma da wuya ka duba haɗin maganin gargajiyarsu ba ka same ta ciki ba, domin suna ɗaukarta mai sasanta sauran magunguna. Wadda na gwada busasshiya ce, an yanka ta fale-fale, cikin leda mai giram 100. Hukuncina a kanta: ga kaushin maƙogwaro da busasshen tari irin na hunturu tana taimakawa ƙwarai, amma ba abin sha ba ce kullum kamar shayin safe.

Mai kyau ba ta ɓuya. Ɓawonta ja ne mai duhu, cikinta ɗorawa, da zane-zane da suka fito daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke. Ka tauna guntu ɗaya: zaƙin ba ya zuwa nan take, sai ya taso a hankali ya zauna a can bayan harshe ya daɗe. In cikin ya yi fari fat kuma yana tashin warin ashana, alama ce an turara ta da farar wuta, a bar ta. Haka in akwai gari a gindin leda da ƙananan huji a jiki, ƙwari sun riga ka.

Iri biyu ake sayarwa. Ɗanya, wato busasshiyar da ba a soya ba, ita ce ta maƙogwaro da tari. Wadda aka soya da zuma, mai ƙyalli da ɗan danƙo, masu maganin Sin suna ba da ita ne don ƙarfafa ciki da rage kasala.

A auna giram 3, a ɗauraye, a zuba a ruwa kofi biyu, kimanin rabin lita. In ya tafasa a rage wuta, a rufe tukunya, a bar shi minti 15. Zuba ruwan zafi kawai a kofi ba ya fitar da ita sosai, saiwa ce mai tauri. A tace, a sha da ɗumi a hankali, rabi da safe rabi da yamma. Ba ta bukatar sukari. Ɗan yankin citta yana gyara ɗanɗanon ga wanda zaƙin ke gundura. Kurɓa biyu ko uku za ka ji ƙaiƙayin nan mai tayar da tari ya lafa, majina kuma ta fi saurin fita. Iyakarta ke nan: ba ta kashe ƙwayar cuta a huhu, tarin da ya wuce mako biyu ko ya zo da zazzaɓi ko jini, na asibiti ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ledar ba ta faɗi komai a kan hawan jini ba, alhali nan haɗarin yake. Zaƙin yana fitowa ne daga sinadarin gilisirizin, wanda ya ninka sukari zaƙi sau 30 zuwa 50. A ƙoda akwai wani sinadari mai aikin kashe kaifin kotisol (wani sinadari da jiki ke yi, wanda in ba a kashe kaifinsa ba yake sa ƙoda riƙe gishiri), gilisirizin kuma yana toshe mai kashe kaifin. Sai ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa tana zubar da potasiyam, sinadarin da tsoka da zuciya ke bukata, cikin fitsari. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓoɓi su yi rauni, bugun zuciya ya rikice. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani ma'aikacin gini ɗan shekara 54 da ya rasu bayan ya yi makonni yana cin alewar wannan saiwa leda ɗaya da rabi kullum.

Ga lissafin da ya kamata mai saye ya riƙe. Kundin magunguna na Sin ya ba da giram 2 zuwa 10 a rana, kuma ya shardanta gilisirizin ya kai aƙalla kashi 2 cikin 100 na saiwar. Masana abinci na Turai sun ce kada babba ya riƙa wuce miligiram 100 na gilisirizin a rana. Ke nan giram 5 kaɗai na iya kai ka wannan iyaka, saiwa mai ƙarfi ma ƙasa da haka. Shi ya sa ɗiba da hannu ba ta da kyau; ƙaramin sikelin kicin ya fi. Ni ina ganin kwana biyar zuwa bakwai sun wadatar ga maƙogwaro, a Jamus kuwa ba a yarda a wuce mako huɗu zuwa shida ba tare da likita ba.

Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hanta, da mai juna biyu, su haƙura da ita baki ɗaya. A Finland shawarar da ake bai wa masu ciki ke nan. Mai shan maganin ƙara fitsari irin su Lasix yana zubar da potasiyam dama, ƙara gan cao a kai ninka asarar ne. Ga mai shan maganin zuciya digoxin abin ya fi muni, domin ƙarancin potasiyam yana mayar da maganin guba. Duk wanda ya ga takalminsa ya fara matse shi da yamma, ko ciwon kai ya dame shi, ko ƙafarsa na ɗaurewa da dare, ya daina sha ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita abin da yake sha, don hawan kan ɗauki makonni kafin ya sauka.

Ragowar a juye ta cikin kwalba mai murfi a ajiye nesa da murhu, musamman da damina, lokacin da fumfuna ke saurin kama ta a cikin leda.