Waliyyin kotu ko wakili mai yarjejeniya, wanne ya fi wa ɗan ƙwallo?

Jiya a bakin filin wasa na Pantami nan Gombe aka yi ta musu kan yaro in ya samu kulob a waje, wa zai riƙe masa kuɗi. Wasu suka ce a miƙa komai ga wani babba ta hannun kotu, shi zai sa hannu a kwantiragi, shi zai taɓa asusun banki. To ni wallahi wannan hanya tsoro take ban. Ku dubi Michael Oher, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na Amurka, yana shekara 18 a 2004 ya sa hannu a irin wannan takarda ta kotu da iyalin da suka riƙe shi, ya ce shi ya zaci ɗaukarsa aka yi a matsayin ɗa, ashe ikon ƙulla yarjejeniya da sunansa ya bayar, sai a 2023 alƙali a Tennessee ta soke abin, mutum da lafiyarsa da hankalinsa fa! An yi tsarin ne don wanda ba ya iya kula da kansa.

Wakili kuwa ɗan aikinka ne. Dokar FIFA ba ta yarda yarjejeniyar wakili (ejan) da ɗan wasa ta wuce shekara 2 ba, kuɗin na shiga asusunka, lauyanka ya karanta takarda kafin ka sa hannu. Eh shi ma yana iya cuta, amma sallamarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.