Gargaɗi: masu karɓar kyautar mota da sunan makafi a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don abin ya shafi dattijo ne, kuma kun san dattijo ba ya son a ji an yi masa wayo. Jiya bayan isha'i shi da kansa ya ce in rubuta, sharaɗinsa ɗaya: kada in kama sunansa.

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp tun wajen azumi. Mai maganar Bahaushe ne, muryarsa a sanyaye, yana haɗawa da Larabci daidai gwargwado. Yana cewa su ƙungiya ce mai taimakon makafi da masu ciwon ido, suna karɓar tsofaffin motoci sadaka, mai tafiya da wadda ta mutu, su sayar su biya wa talakawa kuɗin aikin ido a can ƙasarmu. Yana ƙarawa da cewa ba sai ka wahala ba, su za su zo har ƙofar gida su ɗauka, takardu kuma su za su ji da su. Tare da saƙon akwai hotunan tsofaffi da auduga a ido ɗaya, suna zaune a layi. In ya iso wayarka, kada ka tura wa kowa. Damfara ce, kuma kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗanda ta rutsa da su.

Shekara 26 Kawu yana tuƙi a Jidda. Bana ya ce ya gaji, zai koma gida ya zauna da jikoki. Yana da wata farar Corolla ƙirar 2009, ta sha jiki, na'urar sanyinta ta daina aiki, amma inji lafiya lau. Da ya kai ta kasuwa da ba zai rasa abin da zai sa a aljihu ba. To amma Kawu yana da wani miki a zuciya. Kakarmu yanar ido ce ta makantar da ita, ta yi shekaru ana jan ta da sanda har ta rasu, sai daga baya ya ji cewa aikin cire yanar ko rabin awa ba ya kaiwa. Kullum aka ambaci makaho sai ya yi shiru. Da ya ji saƙon nan, sai ya ga ai ga hanyar yi mata sadaka mai gudana.

Kuma ba wauta ba ce ta sa ya yarda. Irin wannan aiki yana nan da gaske, kowa ya sani. Gidauniyar Al-Basar ta ƙasar nan ita ke da Asibitin Ido na Makka da ke Kano, mutane da yawa daga ƙauyukanmu sun je sun dawo suna gani. A nan Jidda ma akwai ƙungiyar Ibsar mai rajista da ke hidimar masu larurar gani. 'Yan damfarar ba su da alaƙa da ko ɗaya, kawai sun san zukatanmu sun riga sun saba da labarin, shi ya sa suka raɓe a inuwarsa.

Washegarin ranar da ya kira su suka zo, su biyu, da motar ɗaukar mota. Ni ban nan, ina wajen aiki, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau. Maƙwabcinsa ya ce wanda ya yi maganar saurayi ne fes, farar jallabiya, carbi a hannu, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kawu. "Baba Alhaji, Allah ya kai ladan kabarin Hajiya. Wallahi motar nan ido goma za ta buɗe." Ya miƙa masa takarda mai hatimi shuɗi da hoton ido a sama, an rubuta godiya da Larabci. Ya karɓi makulli biyu, ya ɗauki hoton igamarsa, wato katin izinin zamansa, gaba da baya, ya ce canjin suna zuwa Alhamis an gama. Sannan ya nemi riyal 400 na kuɗin canjin sunan da na ɗauka, a tura wani asusu. Sunan mutum ne a kan asusun, ba na ƙungiya ba. Kawu ya lura, saurayin ya ce ai ma'ajinsu ne.

Alhamis ta zo ta wuce. Sai wata Alhamis ɗin.

Da na je gaishe shi ya nuna mini takardar yana murna, ya ma sa ta a leda don kada ta yi datti. Na ce, "Kawu, an cire sunanka daga istimara?" Wato takardar rajistar motar. Ya ce, "Yaro, abin da na ba Allah kuma me ya rage nawa a ciki?" Na karɓi wayarsa na buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Motar tana nan daram da sunansa, ga kuma mukalafa, wato tarar karya dokar hanya, guda biyar da kyamarar kan titi ta Sahir ta ɗauka bayan ranar da aka tafi da ita, ɗaya ta tsallake jar danja. Wanda ya san ƙasar nan ya san tarar jar danja daga riyal 3,000 take farawa har zuwa 6,000. Muka kira lambar, a kashe.

A nan nake so kowa ya tsaya ya fahimta, don nan ne ramin yake. A wajen murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, mota ta wanda sunansa ke kan istimara ce. Ba ruwansu da niyyarka, ba ruwansu da takardar godiya, ba ruwansu da wanda ke riƙe da makulli. Duk gudun da aka yi da ita, kai za a rubuta wa. In an yi haɗari aka gudu, lambar motar za a bi, ita kuma ƙofarka za ta kawo su. In an yi kabu-kabu da ita, ko aka ɗauki mutane marasa tasrihi, wato takardar izini, zuwa Makka lokacin aikin hajji, ko aka ɗauki abin da ya fi haka muni, kai za a fara tambaya. Mutumin da ke son motar da ba za a gano shi da ita ba, babu abin da ya fi masa wannan: mota kyauta, da sunan wani bawan Allah a kanta.

Sai kuma abin da ya tsayar da Kawu cak. Ba a ba baƙo bizar fita ta ƙarshe, huruj niha'i, matuƙar akwai mota da sunansa ko tara da bai biya ba. Ina zargin shi ya sa saƙon ya fi yawo a tsakanin masu shirin komawa gida. Sun san mai tafiya yana cikin sauri, yana neman inda zai sauke motar, kuma yana son rufe zamansa da aikin alheri. Kawu ya riga ya ɗaure kayansa, ya sallami ɗakin haya, yanzu a falona yake kwana.

Ba su tsaya nan ba. Kwana uku bayan mun gano, wata sabuwar lamba ta kira shi, wai daga ofishin ƙungiyar, suna ba da haƙuri, yanzu za a gama canjin suna, ya buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da ko kai wane ne, ya danna lambar da za su faɗa masa. Allah ya sa ina kusa, na fizge wayar. Jama'a, danna lamba a Nafath daidai yake da sa hannu. Wanda ke riƙe da hoton igamarka, in ka danna masa, ka ba shi ikon shiga hidimomi da sunanka, har da na kuɗi da na layin waya. Haka lambar sirrin da Absher ko banki ke turowa, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi jami'i ne.

Wanda ke da niyyar yin wannan sadaka, kada labarinmu ya kashe masa gwiwa, hanya a buɗe take. A Saudiyya ba a tara gudummawa sai da lasisi, kuma ƙungiyoyin agaji suna ƙarƙashin Cibiyar Bunƙasa Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu ta ƙasa. Kowace tana da lambar rajista, da ofis da za ka taka ka shiga, da asusun banki mai ɗauke da sunanta. Ni a ganina abin da ya fi sauƙi shi ne ka sayar da motar da kanka. Ka sabunta fahas, wato gwajin lafiyar mota, da inshora, ka biya abin da ake bin ka, a yi cinikin ta Absher ko a wurin dillalan mota masu lasisi, ka ga da idonka ta fita daga sunanka, sannan ka miƙa makulli. Kuɗin kuma ka zuba ta manhajar Ihsan, wadda gwamnati ta buɗe a 2021, ko ka kai ofishin ƙungiyar ka karɓi rasit. In motar ta mutu murus, ka kai ta tashlihi, wurin farfasa matattun motoci, mai lasisi, ka tabbatar an soke ta daga rajistar murur, kada ka bar lambobinta a hannun kowa.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru, kowace rana tara ƙaruwa take. Ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da takardar da suka ba ka, da rasit ɗin tura kuɗi, da lambobin wayarsu, da saƙon muryar. Ana iya kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn, a yankin Makka kuma lambar gaggawa 911 ce. Saƙonnin tes na damfara ana tura su zuwa 330330. Mukalafar da ba kai ka yi ba akwai wurin ƙalubalantarta a Absher, amma cikin kwana 30, don haka kada a yi sanya. Dokar yaƙi da zambar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗauri har shekara 7 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, ka ga hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Na san wasu 'yan uwa suna tsoron ofis saboda matsalar takardu. Su ma masu damfarar sun san da haka, da shi suke cin kasuwarsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da harshenmu aka yi. Da Balarabe ne ko wani baƙo ya zo, da Kawu ya tsaya ya yi tambaya. Amma yaro ya durƙusa, ya kira shi Baba, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a da Hausa. Sannan a tuna da makafin gaske, waɗanda aka sato hotunansu, gobe in mai gaskiya ya zo nema musu taimako za a kalle shi da ido ɗaya.

Mun kai ƙara, an karɓa, an ba mu lamba, ba a ga motar ba tukuna. Kawu ya ɗage tafiyarsa karo na biyu. Shekaranjiya saƙon ya sake shigo mini daga hannun wani abokin aiki da ke zaune a unguwar Misfala ta Makka, muryar ita ce dai, hotunan su ne, lambar waya kawai aka canja.